KAMA DA WANE: YADDA ZANEN FUSKA DA FENTIN MAI YA ISO ƘASAR HAUSA

A kudu da Dutse, cikin duwatsun da suka kewaye garin Birnin Kudu, akwai waɗansu kogwanni da aka yi wa zane tun zamanin da ba a riƙe lissafinsa ba. Sanannu daga cikinsu su ne Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Mutanen garin sun san da su tun kaka da kakanni, amma sai cikin shekarun 1950 labarinsu ya shiga littattafai, sa'ad da masu binciken kayan tarihi, da Bernard Fagg a cikinsu, suka je suka duba su. Galibin abin da aka zana shanu ne, da jan launi irin na koya, waɗansu masu dogon ƙaho, waɗansu masu gajere, kuma babu tozo a bayansu, watau ba irin shanun da Filani ke kiwo a wannan ƙasa yau ba ne. An lura hannu ɗaya bai yi aikin ba, domin salon ya sha bamban, har a wani wurin an ɗora sabon zane bisa tsoho. Ke nan wanda ya zo daga baya ya tarar da saniyar wanda ya riga shi a jikin dutse, ya tsaya ya duba, sa'an nan ya yi tasa.

Abin da babu a kogwannin nan shi ne fuskar wani mutum da za a nuna a ce wane ne. Haka kuma babu ita a fadar Dutse ta dā, ko ta Kano, ko ta Sakkwato. Salihi da Musa, waɗanda suka karɓi Dutse a zamanin jihadi, da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa, wanda ya rasu cikin 1817, duk sun wuce ba a bar kamanninsu a takarda ko a bango ba. Hoton nan da ake yawo da shi ana cewa na Shehu ne, ba shi ba ne. Bahaushe da baki ya adana manyansa, watau da kirari da waƙa, malamai kuwa da alƙalami, bisa tafarkin littattafai irin su Ashafa masu siffanta Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da kalmomi. Saboda haka sana'ar zana fuskar mutum da fentin mai baƙuwa ce a nan: ta iso a makare, ta biyo ta Ikko, ta sauka Zariya. Amma hanyar da ake koyonta, watau a zauna gaban aikin gwani a kwaikwaye shi har hannu ya faɗa, tsohuwar hanya ce a ƙasar Hausa, kuma gardamar da ta biyo bayan isowar sana'ar a kan kwaikwayon nan aka yi ta.

Yaron da aka kai makarantar allo ba a tambayarsa ra'ayinsa game da siffar harafi. Malam ya rubuta masa, ya bi sawu, ya wanke, ya sake, har ran da za a bar shi ya ɗauko daga takarda da kansa, har kuma, in da rabo, ya kai ga rubuta Alƙur'ani da ka a kira shi alaramma. Haka ɗinkin riga yake. Mai zane ya fitar da aska biyu ko aska takwas da tawada a kan ƙyalle, yara su bi da allura shekara da shekaru kafin a amince wa ɗayansu ya riƙe alƙalamin. Magini ma da ido yake ɗaukar karatu, shi ya sa masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya zama abin dubawa ga magina na bayansa. A cikin waɗannan sana'o'i ba wanda ya ɗauki kwaikwayo sata. Duk da haka mai ido yakan bambanta rubutun Kano da na Barno, ya kuma gane hannun wane a cikin rigar da aka yi wa aska takwas irin ta kowa.

Abin da ya tsare hannun nan daga fuskar ɗan Adam sananne ne. Hadisai sun yi kashedi mai tsanani ga masu suranta abu mai rai. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a wannan ƙasa, sun rarrabe tsakanin sura mai jiki, wadda ke da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, da wadda aka shafa a takarda ko bango: ta farkon haramun ce, ta biyun kuwa galibinsu sun ajiye ta a matsayin abin ƙi. To, amma mutumin da ke tsoron faɗawa rijiya ba ya wasa a bakinta. Mai zayyana da maɗinki da magini suka tsaya ga dagi da tambari da sarƙaƙƙun layuka, suka bar fuska.

Mai da ke bushewa

Kafin a bi sawun sana'ar ya kamata a san abin da ake nufi da fentin mai, domin halinsa ne ya sa ba a iya koyonsa da ji. Garin launi ne, na ƙasa ko na ma'adini ko na tsiro, ake niƙa shi da mai har ya yi laushi kamar man shanu. Ba kowane mai ke yi ba. Man gyaɗa, alal misali, in an shafa shi a katako ba zai taɓa ƙanƙara ba. Wanda ake so shi ne irin man 'ya'yan kittani, wanda ke shan iska sannu a hankali har ya daskare ya zama fata mai tauri. Wannan jinkiri shi ne albarkarsa, domin mai zane yana da kwanaki na gyara da sajewa tsakanin haske da inuwa, abin da fentin ruwa ba ya ba shi. An daɗe ana cewa Jan van Eyck, mutumin ƙasar da yau ake kira Beljiyam, shi ya ƙirƙiro shi, amma wannan magana ta faɗi: cikin 2008 masana suka bayyana cewa an sami mai irin wannan a zane-zanen kogwannin Bamiyan na Afganistan, tun wajen ƙarni na 7. Abin da van Eyck ya yi shi ne ya kai shi maƙura. Akwai wani ƙaramin zanensa na 1433 a Landan, na wani dattijo da jan mayafi naɗe a ka kamar rawani, wanda har tsiron gemun da aka aske da jan da ke cikin farin ido ana gani.

Mai koyo yakan fara da ɗaure ƙyalle mai kauri a kan katako, ya shafe shi da manne da farin fenti don kada mai ya ci zaren. Sai ya raba ainihin hoton gida-gida da layuka, kamar ramukan dara, ya yi wa ƙyallensa gidaje daidai da su, ya riƙa ɗauko abin da ke kowane gida da gawayi. Da wannan dabara ake tsare nisan ido da ido, da tsawon hanci, waɗanda in aka kuskure su da faɗin ƙwayar gero kamanni sun tafi. Daga nan ya shimfiɗa fuskar duka da launi ɗaya, ruwan ƙasa ko ruwan toka, ya raba inda haske ya faɗa da inda inuwa ta kwanta. Sai wannan ya bushe ake zuwa ga launin fata, shafi bisa shafi, waɗansu masu kauri, waɗansu siraran da ake hango na ƙasa ta cikinsu. Dokar da ba a ketarewa ita ce shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na bisa ya fi shi. In aka juya, na bisa ya riga na ƙasa bushewa, fuskar ta tsattsage. Maginin ƙasa ba zai yi mamakin wannan ba, shi da ya san abin da ke samun katangar da aka ɗora wa sabon sahun tubali alhali na ƙasa bai sha iska ba.

Duk wannan aiki a ɓoye yake ƙarƙashin zanen da aka gama. Mai kallo fuska kawai yake gani, mai kwaikwayo ne ke tilasta wa kansa tambayar wane shafi aka fara, wane aka bi da shi. Shi ya sa a Italiya da Holan yaro kan shekara yana niƙa launi da kwafar aikin maigidansa. Shaida mai ban sha'awa ta fito cikin 2012 a gidan ajiyar zane-zane na Prado da ke Madrid. Suna da wani kwafin Mona Lisa, shahararren zanen nan da Leonardo da Vinci ya soma wajen 1503, wanda aka ɗauka aikin 'yan baya ne. Da aka kankare baƙin fentin da wani ya shafe bayansa da shi, aka kuma haska shi da na'ura, sai aka ga gyare-gyaren da ke ƙarƙashinsa sun yi daidai da waɗanda ke ƙarƙashin na Leonardo. Ashe almajiri ne ya zauna kusa da malaminsa, malam na gyarawa yana gyarawa. Kuma girma bai hana ba: Rubens ya haura shekara hamsin, sunansa ya game Turai, sa'ad da ya zauna a Madrid cikin 1628 da 1629 yana kwafar zane-zanen Titian ɗaya bayan ɗaya. Gidan Louvre na Faris, tun buɗe shi cikin 1793, yana barin masu koyo su kafa ƙyallensu gaban manyan zane-zane, da sharaɗin girman kwafi ya saɓa wa na asali, kada kuma a kwaikwayi sa hannun gwanin. Hukumar gidan ta san abin da Bahaushe ya sani, cewa kama da wane ba ta wane, amma ta san kuma akwai ɗan kasuwar da zai so mai saye ya manta da haka.

Musulmi gaban mai zane

Tun da wuri fentin mai ya sadu da fuskar Musulmi. Sultan Muhammadul Fatihu, wanda ya ci Istambul cikin 1453, da kansa ya nemi mutanen Fenis su aiko masa da mai zane, suka aiko Gentile Bellini, ya zana shi cikin 1480. Da ya rasu, ɗansa Bayazidu, wanda bai yarda da wannan sha'awa ba, ya sa aka sayar da zane-zanen a kasuwa. Na Bellini yau yana Landan.

Wanda ya fi kusa da gida shi ne Ayuba Sulaimanu Jallo, Bafillace ɗan malamai daga ƙasar Bundu, cikin Senigal ta yau. Ya tafi bakin kogin Gambiya fatauci, har da bayi cikin hajarsa, sai shi ma aka kama shi aka sayar, ya tsinci kansa a gonar taba a Amurka. Wata wasiƙa da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ita ta zama sanadin fansarsa, aka kawo shi Ingila cikin 1733. A can ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau uku, watau da a Kano ne ko Haɗeja da an san sunan da za a kira shi. Abokansa Turawa suka so William Hoare ya zana shi. Thomas Bluett, wanda ya rubuta labarinsa cikin 1734, ya ce da fari ya ƙi, sai da aka tabbatar masa don tunawa da shi ake so, ba don bauta ba. Ya kuma nemi a zana shi da tufafin ƙasarsu. Da mai zanen ya ce ba zai iya zana tufar da bai gani ba, sai Ayuba ya tambaye shi yadda aka yi waɗansu masu zanen Turai ke suranta Ubangiji, wanda ba wanda ya taɓa gani. A ƙarshe ya siffanta, Hoare ya bi: farar riga, farin rawani, da jan gafaka rataye a wuya. Hukumar gidajen tarihi ta Katar ta sayi zanen cikin 2009, aka kuma ba da aronsa ga gidan ajiyar hotunan mutane na Landan. Ayuba ya koma Bundu cikin 1734.

A wannan yanki kuwa, Manjo Denham, wanda ya isa Kukawa cikin 1823, ya zana Shehun Barno Muhammadul Aminu Elkanemi. Hoton da aka buga a littafin tafiyarsu cikin 1826 wani masassaƙin ƙarfen ɗab'i ne a Landan ya ɗauko shi daga zanen Denham, shi kuwa bai taɓa ganin Shehun ba. Kwafin kwafi ke nan, kuma shi ake ta bugawa a littattafan makaranta.

Daga Ikko zuwa Zariya

Ɗan Nijeriya na farko da ya riƙi sana'ar sosai shi ne Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode cikin 1882. Ba shi da malami, ba kuwa gidan Louvre a Ikko. Hotunan jaridu da littattafan Turawa su ne allonsa, su ya yi ta kwafa yana akawun gwamnati, har ya kai ga zana mutane masu rai. Zanensa na matar Spencer Savage na 1906 shi aka fi ambata a matsayin mafarin sana'ar a ƙasar nan. A zamaninsa Turawa da yawa sun ɗauka baƙar fata ba zai iya fitar da kamanni da zurfin hoto ba, iyakarsa sassaƙar gunki. Saboda haka ga Onabolu kwaikwayon gwanayen Turai hujja ce yake kafawa, kowace fuskar lauya ko likita da ya gama amsa ce ga masu wannan zato. Cikin 1920 ya tafi Landan da Faris ya yi karatu, ya komo cikin 1922, ya shiga koyarwa a makarantun Ikko, ya kuma matsa wa gwamnati ta kawo ƙarin malamai.

Wanda aka kawo cikin 1927, Kenneth Murray, sai ya zo da ra'ayi kishiyar nasa. Shi yana ganin kwaikwayon Turai ɓata yaran Afirka yake yi, gara su zana kasuwa da masunta da tatsuniyoyin garinsu, su koyi sassaƙa da ginin tukwane wurin tsofaffi. Abin ya zama kamar almara: ɗan ƙasa na cewa a koyi Turai, Bature na cewa a koma gida. Kowannensu yana da gaskiya, kowannensu kuma yana da makauniyar kusurwa, domin a cikin ƙaunar da Murray ke yi wa al'ada akwai ɗan ƙanshin ra'ayin nan na cewa akwai ilmin da bai kamaci ɗan mulkin mallaka ba. Almajirinsa da ya fi shahara, Ben Enwonwu, bai tsaya inda aka tsayar da shi ba. Ya je makarantar Slade ta Landan, kuma zanensa na fentin mai na wata gimbiyar Ife mai suna Tutu an sayar da shi fam miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu cikin 2018.

Arewa tana wajen wannan gardama. Makarantar da Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909 tana da sashen sana'a, amma dukanci da ƙira da ɗinki da sassaƙa aka sa a gaba, kuma Turawan mulki, waɗanda ke kaffa-kaffa da sarakuna da malamai, ba su ga dalilin tsokano maganar sura ba. Kyamara ce ta fara shigar da fuska fada, ba burushi ba.

Sai cikin 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Badun aka kawo shi Zariya. Galibin malaman Ingilishi ne, in ban da irin su Clara Ugbodaga-Ngu, kuma tsarin karatun na makarantun Landan ne: zana mutum yana zaune a gabanka, sanin ƙashi da tsoka, dokokin nesa da kusa, da tarihin zanen Turai. Ɗalibai kuwa ba su taɓa tsayawa gaban Titian ko Rembrandt na ainihi ba, sai a shafin littafi. Wannan ba ƙaramar naƙasa ba ce, domin hoton ɗab'i yana ƙanƙantar da zane, yana karkatar da launi, yana kuma shafe kaurin fenti da sawun burushi, waɗanda su ne ainihin darasin. Akwai wata matsalar kuma da ba a cika faɗa ba. Dabarun haɗa launin fata da aka gada daga Turai, fari da ɗan ja da ɗan rawaya bisa shimfiɗa mai kore-kore, don farar fata aka tsara su. Baƙar fata tana mayar da haske ta wata hanya dabam, goshi da kunci sukan ɗauki shuɗin sama, kuma gwanayen dā da suka zana ta da kyau kaɗan ne. Ɗaya daga cikinsu shi ne Velázquez, wanda cikin 1650 ya zana bawansa Juan de Pareja, mai taimakonsa a ɗakin aiki, wanda daga baya ya sami 'yanci ya zama mai zane shi ma. Ɗalibin Zariya da ya fita ya dubi mai tallan goro a Tudun Wada dole ya nemo launinsa da kansa.

Cikin 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane, wadda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke. Babu Bahaushe ko ɗaya. Ƙasa na shirin karɓar mulkin kai, su kuwa suna tambayar dalilin da zai sa a koya musu kakannin wasu a bar nasu. Cikin 1960 Uche Okeke ya bayyana manufarsu, cewa a ɗauki dabarun Turai a gama su da fasahar gida, gamin da ba tilas a cikinsa. A hutu kowa ya koma garinsu yana tattara zanen bango da tatsuniya.

An saba ba da labarin nan kamar sun jefar da kwaikwayo ne, alhali kuwa malamai suka sake. Wanda ya dubi ayyukansu na Zariya zai ga sawun masu zanen Faransa na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, irin su Gauguin, waɗanda su ma daga littafi aka san su. Da Uche Okeke ya gama cikin 1961, shekarar da ƙungiyar ta watse, sai ya zauna yana koyon zanen uli na matan Ibo, layi bayan layi, kamar kolo gaban allo. Nwoko ya koma ga gumakan yumɓu na Nok. Kuma horon nan na zana mutum da suka yi wa tawaye shi ya ba su hannun yin tawayen. Zanen Nwoko na 1960 mai nuna Nijeriya a 1959, inda Turawan mulki ke zaune fuska a yamutse, dogarawansu baƙaƙe na tsaye a bayansu cikin duhu, ba zai fito daga hannun wanda bai san yadda ake gina fuska ba.

Daga Jihar Arewa wanda ya yi fice a wannan aji shi ne Jimo Akolo, mutumin Egbe ta lardin Kabba, wanda ya fara zane a Kwalejin Gwamnati ta Keffi a hannun Dennis Duerden. Shi ya mai da hankali ga mahaya dawaki da makaɗa da masu algaita, kuma ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta gaji kwalejin cikin 1962, yana koyarwa fiye da shekara talatin. Ta hannun irinsu, da malaman da suka yaye zuwa kwalejojin horon malamai, fentin mai ya shiga makarantun Kano da Katsina da Sakkwato, ya fara samun 'ya'yan Hausawa.

Amsa mafi daɗi ga tsohuwar gardamar daga Zariya ta fito. Gani Odutokun, wanda aka haifa a Gana cikin 1946, ya yi karatu a jami'ar ya kuma koyar a cikinta, ya yi wani zane cikin 1991 na zance da Mona Lisa. A ciki ga wani gunkin Afirka riƙe da burushi yana zana matar nan ta Leonardo, ita kuwa tana riƙe da kayan sassaƙa tana fitar da gunkin Afirka. Kowa na kwafar kowa. Akwai tarihi a bayan wasan, domin tun wajen 1907 Picasso da abokansa suke ɗaukar siffofi daga sassaƙar Afirka a Faris, ba wanda ya ce musu sun ɓata. Odutokun ya rasu a haɗarin mota cikin 1995, kuma a shekarar aka nuna aikinsa a Landan cikin wani babban nuni na zanen Afirka na zamani.

A cikin 1991 ɗin nan ne kuma, ran 27 ga Agusta, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama hedkwata. Ofisoshi suka tashi, kowanne da bangon da ke jiran hoton gwamna da na sarki, amma mai kyamara ne ya ci wannan kasuwa. Fenti ya sami wurinsa a hannun masu rubuta allon kanti da masu yi wa manyan motoci ado, waɗanda galibinsu ba su ga Zariya ba. Su ma da kwaikwayo suka koya, daga kalanda da fastar fim, da dabarar nan ta raba hoto gida-gida, sai dai fentinsu na gwangwani ne mai saurin bushewa, wanda ba ya ba da damar shafi bisa shafi. Lokacin zaɓe sukan cika katangu da fuskokin 'yan takara, har injin buga manyan hotuna da kwamfuta ya zo ya rage musu wannan ma.

Yaron da ke son sana'ar a Dutse ko Kiyawa ko Birnin Kudu yau yana iya buɗe dattijon van Eyck a wayarsa, ya faɗaɗa shi har ya ga tsagar fenti a gefen ido, abin da Onabolu bai samu ba sai da ya haye teku yana ɗan shekara talatin da takwas. Kaurin fentin dai har yanzu waya ba ta nuna shi. Aikin da ya rage wa mai burushi, wanda inji bai ƙwace ba, yawanci na gida ne. Akan kawo masa ɗan ƙaramin hoton fasfo na wani Alhaji da ya rasu, wanda aka ɗauka don tafiya Makka shekara arba'in da suka wuce, ya koɗe, ya yi rawaya, a ce a mayar da shi babba da launi, a sa masa rigar da aka san shi da ita. Mai zanen bai taɓa ganin mamacin ba. Yakan ja layukansa, ya ɗauko gida bayan gida da gawayi, ya tambayi launin rawanin da hasken fatar, ya jira shafi ya bushe kafin ya ɗora wani. Ran da ya gama, 'ya'yan sukan zo su tsaya gaban ƙyallen su yi shiru, sa'an nan babbansu ya ce ko dai Baba ne, ko kuwa a ƙara gyara bakin.